Inda Inna Ke Jin Hannu

Jikata da ke aiki gidan likita a Madawa ta zo gaishe ni bayan sallar layya. Muna zaune tana ɓare mini gujiya, sai ta ce, kamar mai faɗin kuɗin albasa a kasuwa, wai yanzu kuturta ba wani abin tsoro ba ce. Ƙwayoyi ne ake ba mutum kyauta ya yi ta sha wata da watanni, in an tare ta da wuri ko yatsa ɗaya ba ta ɗauka. Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Na juya fuskata wajen bango, ta zaci barci ne ya ɗauke ni, ta tattara ɓawon ta fita a hankali. Ba barci ba ne. Tun ranar nan mahaifiyata take zaune a raina ba ta tashi ba.

Garinmu ƙarami ne, a gindin duwatsu, tsakanin Buza da fadama. Yanzu in ka kwana can, ƙarar babur da injin niƙa ke tashe ka. A lokacinmu daka ne. Tun kafin rana ta leƙo bayan dutse turame sun fara amsa wa juna gida gida, kana kwance kana iya cewa wancan hannun wance ne, wancan kuma wance ta makara. Daga nan sai kukan igiya a bakin rijiya, da jakai masu tafiya ɗaukar ruwa, da Buzaye in sun sauko da raƙumansu ɗauke da gishiri suna neman hatsi. Komai da hannu ake yi, shi ya sa mutane suke kallon hannun juna fiye da yadda ake kallo yanzu. Mace kafin a tambayi kyaunta ana tambayar hannunta.

Hannun Inna kuwa babu irinsa a garin, domin ita ce makitsiya. Daga ƙauyukan Keita ma ana zuwa mata in biki ya taso. Za ta zauna bisa kujerarta ƴar guntuwa a inuwar rumbu, tsinke a baki, man shanu a ƙoƙo, kan mace a kan cinyarta, ta yi ta tsaga tana hira har mai kan ta yi barci. Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma ni kaɗai na rayu cikin waɗanda ta haifa. Kun san kunyar ɗan fari a da ba wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" kawai take cewa. Ba ta rungumata gaban mutane, ba ta yabona. Ranar kitso kaɗai nake samunta. Ranar nan kaina yana cinyarta tun hantsi har azahar, ina jin ɗumin yatsunta a fatar kaina, in na motsa ta ɗan ƙwanƙwashe ni da tsinke ta ce, "Ke, zamna wuri guda." Yaran yanzu da ake sumbata safe da yamma ba za su gane abin da wannan yake a wurina ba.

Babana ya rasu ina ƙarama. An kwashe shi da mazan gari aikin hanya na dole na Turawa, ya dawo da tari, bai ga kaka ba. Munka zauna a gidan mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Kaka. Tsohuwa ce mai tsabta da tsanani, ba ta da mugunta, amma in ta yanke magana ta yanku.

Ina da shekara kamar goma sha biyu wani tabo ya fito wa Inna a kafaɗa, ja-ja, ba ya ƙaiƙayi. Wani ya biyo shi a baya. Wata rana tana tuƙin tuwo garwashi ya faɗo mata a yatsa, ba ta sani ba sai da munka ji ƙauri. Kaka ta dubi yatsan, ta dubi Inna. A garinmu ba a kiran ciwon da sunansa, "babban ciwo" ake cewa. Kafin damina mata sun daina kawo kawunansu. Ba wanda ya zage ta. Wannan ta ce kanta yana ciwo, waccan ta ce ƙanwarta ta koyi kitso, har inuwar rumbu ta zama babu kowa. Kaka ta sa anka yi wa Inna ƴar bukka a ƙuryar gida, anka ware mata ƙwarya da tulu da tabarma. Sannan ta kira ni ta ce, "Ke kaɗai ɗana yab bar mini. Ki kai mata abinci, ki zuba daga sama, kak ƙwarya ta taɓa ƙwarya. Kak ki taɓa ta, kak ta taɓa ki." Inna tana ji daga bukka. Ta ɗaga murya ta ce, "Gaskiya ta, Iya. Ke, ki ji maganarta."

Na ji maganarta shekara uku. Ina zuba fura daga sama kamar mai ba dabba ruwa. An yi magani iyakar ƙarfi. Liman ya yi rubutu an sha, an kawo sassaƙe daga wajen Tabotaki an jiƙa an yi wanka, wata tsohuwa mai bori ta karɓi baƙar akuya. Yatsun nan da sunka yi wa amare ado sunka lanƙwashe, sunka fara gajarta.

A shekara ta uku Kawu Nomau ya dawo. Ɗan ƙanen kakan Inna ne, dangi na nesa, amma a wurinmu kawu kawu ne. Ya tafi kudu fataucin fatu tun kafin a haife ni, can ciwon ya kama shi, ya yi shekaru a wani sansanin kutare na Turawan mishan, ƙetaren iyaka, inda ake yi musu allurar wani mai. Ya dawo ciwon ya kwanta, amma yatsunsa rabi rabi ne. Ya kuma dawo da addininsu, da wani littafi a jakar fata. Mutane sunka yi ta magana kwana biyu, daga baya sunka bar shi, domin ba ya cutar kowa, yana tukar igiya da guntayen yatsunsa yana sayarwa. Ya yi bukka bayan gari kusa da wata aduwa. Da la'asar yakan buɗe littafin ya karanta da ƙarfi, da Hausa, yana bin layi da ɗan dungulmin yatsa, ko da mai saurare ko babu.

Hanyar itace ta bi ta nan. Wata la'asar ina ɗauke da kaya na ji yana karanta labarin wani kuturu da ya zo ya durƙusa gaban Annabi Isa yana roƙon a tsarkake shi, nan take kuma ciwon ya rabu da shi. Na tsaya cik, kayan na kaina. Sunan Annabi Isa ba baƙo ba ne gare ni, liman yakan faɗa mana cewa ya warkar da makafi da kutare da izinin Allah. Amma ban taɓa jin an faɗa dalla-dalla da harshen da nake daka da shi ba. Washegari na ari allo wurin ɗan maƙwabta, na ɓoye cikin zane, na tafi wurinsa.

"Kawu, ka rubuta mini wurin da ka karanta jiya. In wanke in ba Inna ta sha."

Ya dube ni. Ya ce, "Ɗiyata, wanga ba na sha ba na."

"To na mi na?"

"Na ji na."

Na ce ji ba ya mayar da yatsa. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mini, ya ce, "Shekara nawa ina karanta shi, ga su nan yadda kika ganinsu. Da wanke shi na warkarwa, da na shanye littahin duka har da bangonshi." Na fashe da kuka don haushi. Na ce to ƙarya ce ke nan, ko kuwa Allah ya warkar da na da ya manta da na yanzu. Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma ya yi wa Baturen sansani wannan tambaya, Bature ya yi dogon bayani, amma bai ƙoshi ba, har yau kuma bai san amsar ba. Abin da ya sani shi ne, duk waɗanda anka warkar cikin littafin daga baya sun tsufa sun mutu, makahon da ya gani idonsa ya sake rufewa a kabari. Don haka a ganinsa ba don a hana mutuwa anka yi abubuwan nan ba. Alama ce, don mutane su san inda zuciyar Allah ta karkata, cewa tana wajen wanda kowa ya matsa ya bari.

Sannan ya ce, "Kin ji ƙarshen labarin, ba ki ji tsakiyarshi ba. Akwai wani wuri da anka ce wani babban soja yaz zo, baranshi na kwance gida, Annabi Isa yaw warkar da shi daga nesa, da magana kawai, bai ko tahi gidan ba. Ke nan shina iyawa daga nesa. Amma kuturun ga, kahin ya ce komi, sai da yam miƙa hannu yat taɓa shi. Don mi? Na yi shekara bakwai ba wanda yat taɓa ni. Randa anka karanta muna wurin ga, ba warkewar ta sa ni kuka ba."

Na ɗauki allona na tafi ban yi masa sallama ba. A raina na ce mai guntun hannu ya sami abin rarrashin kansa.

Duk da haka maganar allurar mai ta tsaya mini. Na dami Kaka har ta yarda Kawu Nomau ya kai Inna sansanin, ni kuma in bi su don girki. Liman da kansa ya zo ya yi mana addu'a. Na tuna ya tsaya da Kawu a ƙofar gida, ya ce, "Nomau, mu'ujiza ta annabawa ta, da izinin Allah. Mu namu neman magani da haƙuri." Kawu ya ce, "Hakanan na, Malam. Magani za mu nema." Sunka rabu lafiya. Yanzu ina jin samari suna gardamar addini a waya har jijiyar wuya ta tashi, sai in tuna mutanen nan biyu a ƙofar gidanmu.

Munka tashi bayan girbi, Inna bisa jaki, Kawu yana ja, ni a baya da tukunya da garin hatsi. Lokacin yaƙin Turawa ne, mu ba mu san kan sa ba, mun dai ji gishiri da tufa sun yi wuya. Munka wuce Madawa, munka yi kwana uku muna tafiya kudu. Inna da ta shekara uku ba ta fita gida ba sai kallon gonaki take tana faɗin wa ya yi noma da kyau, wa ya yi ƙiwuya. Har waƙa ta yi a hanya. Kusa da iyaka sai ga soja biyu na kumandan, Baturen da ke mulkinmu, bisa dawaki, waɗanda muke ce wa gardi. Sunka ce an rufe hanya, ba mai ƙetarewa sai da takarda. Kawu ya roƙe su, ya nuna musu hannunsa, ya nuna na Inna. Ɗayan ya ja dokinsa baya ya rufe hanci da rawani. Ɗayan, wani dattijo, ya ce a hankali, "Ko na bar ku, na gaba harbi za su yi. Ku koma, baba." Daga inda muke tsaye ana hango itatuwan ƙasar da za mu. Kawu ya ce daga can zuwa sansanin kwana biyu ne kawai.

Munka juya. Inna ba ta ƙara waƙa ba. A rana ta biyu jakin ya gaji, ta ce za ta taka ta rage masa. Muna cikin tafiya da azahar na ga jini a sawunta, ɗigo ɗigo a kan rairayi. Wata ƙatuwar ƙaya ta shige ta tafin ƙafa ta kusa fitowa ta sama, tana takawa ba ta sani ba. Munka zaunar da ita gindin wata bagaruwa. Kawu ya gwada cirewa, yatsunsa ba su iya kama ƙaya. Ya gwada da haƙori, ta karye. Ya ɗago ya dube ni.

Inna ta gane. Ta ja ƙafarta ta ce, "Ke, kak ki soma. Mi za ni ce ma Iya?"

Ba zan yi ƙarya in ce labarin littafi ne ya tura ni ba. Jini na gani, kuma ba wani mai yatsu a dajin nan sai ni. Na durƙusa, na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata. Ta yi nauyi, ta yi sanyi, fatar ta tsattsage kamar bakin tafki da rani. Na cire ƙayar da allurar ɗinki, na wanke da ruwan gora, na yage bakin zanena na ɗaure. Da na gama ban saki ƙafar ba. Na riƙe ta da hannu biyu ina kuka. Inna tana kallon hannuna a kan ƙafarta. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ina ganin hannunki, amma ba ni jin shi."

Na riƙe hannunta. Ta girgiza kai. Na taɓa damtsenta, ta ce nan ma kamar an taɓa itace. Sai ta sunkuyar da kai, ta zame kallabinta, ta ce, "Gwada nan." Na sa tafina a bayan wuyanta, daidai inda gashi ya ƙare. Ta rufe ido ta ce, "Nan ina ji." Munka zauna haka har inuwa ta juya. Kawu ya tafi neman wa jaki ciyawa, ya daɗe bai dawo ba, ko da yake ciyawa tana nan kusa.

Da munka iso gida ban ɓoye wa Kaka ba. Na ce na taɓa ta, kuma zan ci gaba. Ta ce in haka ne in ware ƙwaryata ni ma. Na ware. Na kwashe tabarmata na koma bukkar Inna. Ƙawayena sunka rage zuwa, wani da ake maganar zai nemi aurena ya yi shiru. Ban ce abin bai yi mini zafi ba. Amma kullum da hantsi ina wanke mata ƙafafu da ruwan ɗumi, in duba ko ƙaya ko ƙuna, in shafa mai. Gashinta da ya shekara uku a cukurkuɗe na tsefe shi, tana faɗa mini yadda zan tsaga, tana yi mini faɗa in layi ya karkace. A bakinta na koyi sana'ar da na ci abinci da ita har idona ya raunana. Wani lokaci Kawu yakan zo ya zauna bakin bukka ya karanta mana: matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini ta taɓa bakin riga, da gurgun da abokansa sunka fasa rufin ɗaki sunka sauko da shi. Inna ta fi son na gurgun. Takan yi dariya ta ce, "To wa yag gyara ma mai gida ɗakinshi?" Ba ta bar sallarta ba, ni ma ban bar tawa ba, Kawu kuma bai taɓa cewa mu bari ba. In ya rufe littafin sai ta ce, "Allah shi ƙara ma Annabi Isa daraja," shi kuma ya ce amin.

Ba ta warke ba. Ina so a ji wannan da kyau, don kada wani ya ƙara wa labarina abin da babu. Ƙafar da ƙaya ta huda ba ta rufe ba, ta ci ciki a hankali. Ta yi rani ɗaya da damina ɗaya bayan tafiyarmu. Ni kuwa ciwon bai taɓa kama ni ba, ga yatsuna goma har yau, kuma ban san dalili ba. Na sha yin lissafin shekara ukun da na yi ina zuba mata fura daga sama, ina tambayar kaina abin da na tsare.

Inna ta cika da hantsi, lokacin hatsi ya fara fitar da kai. Tafina yana bayan wuyanta. Kafin nan da kaɗan ta buɗe ido ta kira sunana, sunana na yanka, sau ɗaya. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar.

Na aika anka gaya wa Kawu. Ya zo ya tsaya daga waje. Na ce masa, "Ba ta warke ba, Kawu." Ya ce, "A'a, ba ta warke ba." Bai ƙara komai a kai ba, na kuma gode masa da bai ƙara ba.

Sai maganar wanka ta taso. Matan da sunka saba wankan gawa sunka taru a tsakar gida suna kallon juna. Wata ta ce a naɗe hannu da tsumma, wata ta ce a zuba ruwa daga sama ya wadatar. Ni yarinya ce, ban san yadda ake yi ba, na tsaya bakin bukka da tulu. Sai na ji sandar Kaka. Ta ratso matan ba ta dubi kowa ba, ta jingine sandar a jikin bukka, ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu. Wata ta miƙa mata tsumma, ta ture. Ta sunkuya ta shiga ɗakin da ba ta taɓa shiga ba tun da anka gina shi, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki guntun hannun Inna ta riƙe cikin nata. Ta daɗe tana kallonsa. Na ji tana cewa ƙasa ƙasa, "Hannun ga shi yay yi mini kitso shekara goma sha biyar." Sannan ta juyo, fuskarta jiƙe, ta ce mini, "Shigo da ruwan. Zo in gwada miki yadda a ka yi."